Gwiwar Hannun Dokas

Kafin a gudu daga Mubi, babu mai tambayar wadda za ta jefa fanareti a ƙungiyar ƙwallon hannu ta 'yan matan unguwar Lokuwa. Khaulat ce. Ita ce kyaftin, ita ce doguwar cikinsu, kuma idan ta ɗaga hannu 'yan kallo sukan fara ihu tun ƙwallo bai bar tafinta ba. Mahaifinta ɗan kasuwar atamfa ne wanda iyayensa suka zo daga Katsina. Ya daɗe yana gunaguni kafin ya bar ta ta shiga wasan, da sharaɗin dogon wando da ƙaramin hijabi da komawa gida Yelwa kafin magariba.

Dokas kuwa 'yar benci ce. Gajeriya ce mai ƙirar ƙarfi daga gidan manoma a Mubi ta Kudu, mai yawan dariya, wadda ake sakawa idan wata ta gaji. Khaulat tana sonta a lokacin. Takan raba mata awara bayan atisaye, wani lokaci ta biya mata Keke.

A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka shigo gari, kowa ya kama gabansa. Su Khaulat suka samu mota zuwa Yola, daga can suka wuce Kano gidan baffanta, inda ta yi watanni a cikin gida tana wanke-wanke da raino, ko ƙwallo ba ta gani ba. Dokas da 'yan uwanta a ƙafa suka bi ta duwatsu har suka tsallaka Kamaru, daga baya suka gangaro Belel wurin gwaggonta. A can aka ba ta aikin tsaron gonar dawa. Wuni take tana jifan tsuntsaye da birai da duk abin da hannunta ya samu, dutse ko hoge ko ɗanyen 'ya'yan itace.

Sai da damina ta sauka ƙungiyar ta sake haɗuwa. Rabin 'yan matan ba su dawo ba, tsohon kocinsu ma ya yi zamansa a Gombe. Filin makarantar da suke atisaye ya cika da ciyawa, ƙarfen raga ɗaya ya lanƙwashe. Wadda ta tattaro su ita ce Madam Roda, malamar motsa jiki a wata sakandare, wadda ta yi karatu mai zurfi a kan yadda jikin ɗan wasa yake koyon abu. Siririya ce, ba ta ɗaga murya, kuma tun ranar farko ta rushe duk abin da suka saba.

Tsohon koci yakan tsayar da su wuri ɗaya su yi ta jifa har kafaɗa ta yi tsami. Madam Roda ba ta yarda a jefa sau biyu daga wuri ɗaya ba. Yanzu kina dama, yanzu kina hagu, yanzu a guje, yanzu da wata a gabanki. Wani lokaci ta kawo ƙwallon yara mara nauyi, wani lokaci wanda ya sha ruwa. Ta ɗaura ƙyallaye masu launi a kusurwoyin raga, sai mutum ya tashi sama sannan ta kira launi.

"Madam, ai haka ba za mu taɓa ƙwarewa ba," in ji Khaulat bayan ta zubar da ƙwallo a waje. "Da, idan na tsaya a wurina, ba na kuskure."

"A wasa za a bar ki ki tsaya a wurinki?" Madam Roda ta tambaye ta. "Idan kullum tambaya ɗaya kike yi wa jikinki, amsa ɗaya zai haddace. Ku yi ta kuskure a nan. Abin da kuka koya da wahala shi ne zai bi ku har Yola."

Yola ita ce maganar kowa. Za a yi gasa a can bayan kaka, kuma masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo kallo.

Khaulat ba ta lura da lokacin da abin ya fara ba. Ta dai wayi gari ta ga Dokas ba ta zama a benci. Wannan hargitsin da yake rikita kowa, Dokas kamar a cikinsa aka haife ta. A ce ja tana sama, ƙwallo ya tafi ja. A ba ta ƙwallo a karkace, ta jefa a karkace, ya shiga. Da Madam Roda ta ji labarin gonar Belel sai ta yi dariya ta ce, "To ai ke birai sun riga ni horar da ke."

Kowa ya yi dariya. Khaulat ma ta yi yaƙe.

Wata rana suna shan ruwa, Falmata mai tsaron raga ta yarfe hannuwanta ta ce, "Ƙwallon Khaulat ina ganin tahowarsa, ko ban kama ba na san inda ya bi. Na Dokas kuwa sai dai in ji shi a raga."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Khaulat ta zubar da sauran ruwanta a ƙasa ta koma fili. Daga ranar komai ya zama ƙaya. 'Yan kallon da ke jingina a katangar makaranta suka koma kiran sunan Dokas. Har yayanta Nasrullahi, wanda ya biyo ta filin sau ɗaya, ya zo gida yana cewa a gaban Umma, "Wannan gajeriyar taku wuta ce. A ina kuka ɓoye ta da?"

"Ba ta ma iya riƙe hannu daidai ba," in ji Khaulat.

"To ke da kika iya, nawa kika ci yau?"

Ta tashi ta bar tuwon.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Dokas ba ta canza ba. Da ta yi girman kai, da Khaulat ta samu abin riƙewa. Amma tana nan yadda take, tana ɗaukar mata jaka, tana rungume ta idan ta ci, tana cewa da Hausarta ta Mubi wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Kyaftin namu ya dawo!" Khaulat takan ji ƙamshin man gashinta ta ji kamar ta ture ta.

Ranar wata Laraba Madam Roda ta tara su ta ce daga yau Dokas ce mai jefa fanareti, har a Yola. Khaulat tana nan a kyaftin. Aka tafa. Khaulat ta tafa tare da su, tafukanta suna zafi, tana kallon ƙyallen kyaftin da ke damtsenta kamar tsumman da aka ba ta don ta yi shiru.

A makon ne wata sabuwar yarinya, Yagana, ta shigo ƙungiyar. Madam Roda ta ja ta gefe tana koya mata dalla-dalla: ƙafar hagu a gaba, gwiwar hannu sama da kafaɗa, a murɗa ƙugu. Khaulat ta tsaya tana kallo. Da aka tashi ta bi Madam har gindin bishiyar da take ajiye jakarta.

"Madam, kin ce wa Yagana ta ɗaga gwiwar hannu. Amma ta Dokas a ƙasa take, ban taɓa jin kin gyara mata ba."

Madam Roda ta dube ta da jin daɗi. "Kina da ido. Zauna in gaya miki." Ta nuna kan Khaulat. "Ɗankwalin nan da kike ɗaurawa kullum, kina tunanin wane hannu ne ke fara zagayawa?"

"A'a."

"Gobe ki gwada ɗaura shi kina bin yatsunki ɗaya bayan ɗaya da tunani, ki ga yadda zai fito. Mai koyo dole ta yi tunanin gaɓoɓinta, don jikinta bai san hanya ba tukuna. Amma idan abu ya riga ya zauna a jiki, jiki ya fi tunani sauri. Kika dawo da hankalin mutum kan hannunsa, kin mai da shi ɗan koyo. An gwada wannan a kan manyan 'yan wasa, an ga yadda suke lalacewa. Dokas raga take kallo, idonta yakan tsaya a kusurwa ɗan lokaci kafin ta saki. Hannun yana bin idon. Kada ki kuskura ki yi mata zancen gwiwar hannu."

"To, Madam."

Khaulat ta kwana biyu tana juya maganar. Ta gaya wa kanta cewa ba za ta yi ba. Ta kuma gaya wa kanta cewa ai gaskiya ce, gwiwar a ƙasa take, faɗin gaskiya kuma ba laifi ba ne.

Ranar Asabar bayan atisaye ta sayi awara ta ce wa Dokas su taka a ƙafa zuwa bakin titi.

"Dokas, don Allah ki koya mini jifan nan naki."

Dokas ta tsaya cak, ta fashe da dariya. "Ni? In koya wa kyaftin?"

"Da gaske nake. Na ga kina sauke gwiwar hannunki kafin ki saki. Da gangan kike yi? Kuma wuyan hannun, kafin gwiwar yake juyawa ko bayanta?"

Dokas ta miƙa mata ledar awarar, ta ɗaga hannu a hankali a tsakiyar hanya tana kallonsa. Ta sauke, ta sake ɗagawa. "Ka san ban taɓa dubawa ba. A ƙasa yake?"

"Sosai ma. Madam ta ce wa Yagana sama ake so. Amma ke tunda yana shiga, wataƙila ba komai. Ki dai lura gobe ki gaya mini yadda kike yi."

"Zan duba maka," in ji Dokas, fuskarta cike da murna.

Ta kuwa duba. A atisaye na gaba Khaulat ta ga idon Dokas ya bar raga ya zamo gefe, wajen kafaɗarta, daidai lokacin da za ta saki. Ƙwallon ya tafi a sanyaye, Falmata ta cafe shi kamar an miƙa mata. Na biyu ya daki ƙarfe. Na uku ya haura sama ya faɗa gonar masarar maigadi.

Wani abu mai ɗumi ya bazu a ƙirjin Khaulat. Ta ruga ta dafa Dokas. "Ba komai. Ina jin wuyan hannun ne ya riga gwiwar. Ki riƙe shi kaɗan."

Haka ta riƙa yi, kullum da ƙaramar tambaya, kullum da muryar mai taimako. A cikin 'yan makonni jifan Dokas a tsaye ya mutu. Takan tsaya a layin fanareti ta daɗe tana gyara hannu, goshinta yana zufa, ta jefa abin da ko Yagana ba za ta jefa ba. Dariyarta ta ragu. 'Yan katanga suka fara yi mata eho.

"Hannuna ya zama kamar ba nawa ba," ta ce wa Khaulat wata rana, idonta ya kawo ruwa. "Har a gida in na jefi kaza sai in ji ina tunaninsa."

Khaulat ta ce Allah zai kawo sauƙi. Ta koma gida ta ci abinci sosai. Daɗin yana nan, sai dai ya fara yin wani ɗaci a ƙarshe, irin na goron da ya kwana a baki. Kuma ko a hakan, idan ta ga Madam Roda ta ja Dokas gefe tana dafa kafaɗarta tana yi mata magana a hankali, sai kishin ya taso sabo. Tana ci an kula da ita, ta daina ci ma an fi kula da ita.

Madam Roda ta mayar wa Khaulat da fanareti, tunda Yola ta matso. A ranar ne kuma ta tambayi Dokas a gaban kowa, "Wai me kike kallo a kafaɗarki?"

"Gwiwana, Madam. A ƙasa yake. Kyaftin yana taimakona in gyara."

Madam Roda ta juyo ta dubi Khaulat, ta daɗe tana dubanta, sannan ta busa usur aka ci gaba. Da aka tashi ta ce kyaftin ta tsaya ta taya ta kwance raga.

Suka kwance gefe ɗaya.

"Na gaya miki abin nan ne don kin yi tambaya mai kyau," in ji Madam Roda a ƙarshe. "Na ɗauka wata rana ke ma za ki koyar."

"Madam, ni tambayarta kawai na yi."

"Na san abin da kika yi, ke ma kin sani. Yarinyar nan ta taka daga nan har Kamaru da ƙafarta, ta dawo ta samu abu ɗaya da yake faranta mata rai."

"Ni ma ai na gudu!" Muryar Khaulat ta fashe. "Na dawo na tarar an ba ta wurina. Shekara nawa ina jefa wa ƙungiyar nan? Ba wanda ya tambaye ni ko ya nake ji."

"Gaskiya ne, ban tambaye ki ba, wannan laifina ne. Amma ba Dokas ce ta ci bashinsa ba." Madam Roda ta naɗe ragar ta miƙa mata. "Ba zan faɗa wa kowa ba. Fanareti naki ne a Yola, don yanzu kin fi ta, kuma ƙungiya nake dubawa. Amma daga gobe za ki tsaya a bayan raga ki riƙa kira mata launi. Kika sake ambatar wata gaɓa ta jikinta, kin bar ƙungiyar nan."

Haka aka yi. Madam Roda ta ce wa Dokas gwiwarta lafiya lau take, ta manta da ita. Amma mantuwa ba ta zuwa don an ce a yi ta. Sai ta fito da dabaru. Ta sa ta rera waƙar coci da ƙarfi tana jifa, don tunanin ya samu abin yi. Ta ɗora gwangwani a kan suri ta ce ta jefe shi da dutse kamar biri ne. Ta sa Khaulat ta riƙa jinkirta kiran launi har sai Dokas ta tashi sama. Khaulat tana tsaye a bayan raga tana cewa "Kore! Ja! Fari!", tana kallon hannun da ta kashe yana farfaɗowa da muryarta. A guje jifan ya dawo da wuri. A tsaye kuwa, inda akwai lokacin tunani, bai gama dawowa ba har ranar tafiya.

Yola ta karɓe su da zafinta. Suka ci wasan farko, suka ci na biyu da ƙyar, suka kai na kusa da ƙarshe da wata ƙungiya ta 'yan Numan, manyan mata masu tsawo. Masu zaɓe suna zaune a inuwar rumfa.

Duk fanaretin da aka ba su Khaulat ta jefa, kuma duk ta ci. Na ƙarshe ma, ana dab da tashi, ta tsaya ta kafa ido a kusurwar hagu ta saki, ragar ta girgiza. Ta juya tana neman rumfar masu zaɓe da ido.

Ba ita suke kallo ba. Tun farkon wasan 'yan Numan suka matse fili, babu mai samun sararin numfashi, balle tunani. A cikin wannan matsin Dokas ta koma yarinyar gonar Belel. Ta kutsa ta ƙarƙashin hammatar dogaye, ta jefa tana faɗuwa, ta jefa ana riƙe da rigarta, ta jefa daga kusurwar da ba a jifa. Gwiwar tana ƙasa, ƙwallo yana raga. An cinye su da tazara kaɗan, amma da aka tashi mutumin da ke tsakiyar rumfar ya taso da kansa ya tambayi Madam Roda sunan gajeriyar. Daga Mubi mutum biyu aka ɗauka, Dokas da Falmata.

A motar komawa 'yan mata suna ta waƙa. Khaulat ta zauna a jikin taga. Bayan sun wuce Gombi, Dokas ta taso ta zauna kusa da ita.

"Kyaftin, lokacin da Madam ya ce in manta da gwiwa, na je gida na yi tunani. Ka san abin da zai faru da ka ce in duba?"

Khaulat ta ci gaba da kallon duwatsun da ke wucewa. Ƙarya ta zo mata har baki, ta kasa fitowa.

"To," in ji Dokas. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta koma baya wurin Falmata, kuma har suka shiga Mubi ba ta sake dubanta ba.

Bayan mako biyu Dokas da Falmata suka tafi sansanin horo. Khaulat ta ci gaba da zuwa fili, tana kyaftin, tana jefa fanareti, babu mai ja da ita. Madam Roda ta ba ta Yagana ta koya mata, ta kuwa iya koyarwa fiye da yadda ta zata. Wani lokaci Nasrullahi yakan shigo ya ce ya ji an ambaci Dokas a labarin wasanni na rediyo, sai ta ce masa tana da aiki a kicin.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, Khaulat tana taya mahaifinta tsaron shago a kasuwa, ta hango ta. Dokas ce cikin rigar 'yan wasan jiha, da sabon takalmi, ta ɗan rame ta yi kyau, mata biyu suna biye da ita suna dariya. Layin atamfa suka shigo, suna tsayawa shago-shago.

"Waccan ba ƙawarki ba ce?" in ji mahaifinta. "Kira ta mana, a yi mata ragi."

"Ba ita ba ce, Baba."

Ta shige can ciki inda aka rataye turamen zannuwa, ta tsaya a bayansu tana leƙe ta tsakani. Ta dubi rigar, ta dubi rubutun da ke bayanta, ta auna a ranta cewa hannun rigar ya yi wa Dokas tsawo, ita da zai yi mata daidai. Dokas ta iso ƙofar shagon, ta durƙusa ta gaida Alhaji da kyau, ta tambayi mutanen gida. Ba ta tambayi Khaulat ba. Ta wuce shagon gaba ta sayi zaninta a can.